Alhaji Umaru Karaci, malamin zango da ya rubuta zuwan Turawa a waƙe

Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Imam Umaru ko Alhaji Umaru Karaci, malami ne, marubucin waƙoƙi kuma masanin tarihi. An haife shi a Kano wajen shekarar 1858, ya rasu a Kete-Karaci a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da kuma Hausar ajami, kuma yana cikin mutanen farko a Afirka ta Yamma da suka zauna suka tsara yadda Turawa suka ci ƙasashen yankin, tun ƙurar yaƙin ba ta lafa ba. A ƙarshen rubuce-rubucensa na Larabci ana jingina shi ga garuruwa uku: al-Kabawi, al-Kanawi, as-Salagawi, wato Bakabe, Bakano, mutumin Salaga. Duk wanda ya tashi a zango ya san irin wannan suna, na mutumin da asalinsa ke can, cibiyarsa ke wani wuri, zamansa kuma ke wani wurin daban.

Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne, kusan shekara 18 na rayuwarsa ya yi su ne a ƙarƙashin tutar Togo ta Jamus. Kete-Karaci tana cikin Ghana a yau, amma daga tsakiyar shekarun 1890 zuwa 1914 tana ɗaya daga cikin manyan tashoshin mulkin Jamus a Togo, kamar Sokode da Mango.

Hanyar goro

Mahaifinsa mutumin Kabi ne, malami kuma falke mai safarar goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Umaru ya sauke Alƙur'ani a Kano, sannan ya ci gaba da karatun littattafai a wurin malaman Kabi da yankin Sakkwato. Tun yana saurayi ya fara bin ayari, kuma tafiyar da karatun tare suka riƙa gudana. Littafinsa na farko da aka sani, As-Sarhatul Wariƙa, na 1877, jagora ne ga mai son koyon rubuta wasiƙa, abin da falke ke bukata kamar yadda yake bukatar jaki.

Ayarin Gwanja yana da manyan hanyoyi biyu, kuma dukansu sun ratsa ƙasar da ake kira Togo yanzu. Ɗaya takan bi ta Borgu da Jugu, ta faɗo ƙasar Kotokoli, inda fatake ke sauka a Didawure, unguwar Musulmi 'yan kasuwa da garin Sokode ya girma a kanta. Ɗayar takan bi ta Gurma, ta sauko Mango, kudu da Dapaong, ta wuce Yendi. Tsohon sunan garin ma, Sansanne-Mango, daga kalmar Hausa ta sansani yake. Kayan da ake kaiwa su ne kanwa, tufafin rini, fatu, dabbobi, da kuma bayi. Abin da ake komowa da shi goro ne na dazukan Asante. Duk hanyoyin a kasuwar Salaga suke haɗuwa.

Umaru ya zauna a Salaga dindindin a 1892, sai dai ya zo wa garin a ƙurarren lokaci. Tun 1874, da sojan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goron kuma ya fara komawa wasu kasuwanni irin su Kintampo da Kete. A shekarar da ya zauna ɗin ne yaƙin gadon sarautar Kpembe, gidan sarautar da ke riƙe da Salaga, ya ɓarke, garin ya watse, baƙi suka kama gabansu. A Salaga ya haɗu da Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa, mai tattara labarai da rubuce-rubucen Hausa. Umaru ya rubuta masa da dama, waɗanda daga baya suka ƙare a ɗakin ajiyar littattafai na Balin.

Liman a ƙarƙashin Jamus

Wajen 1896 ya bi sauran fatake zuwa Kete-Karaci a bakin kogin Volta. Gari biyu ne a haɗe: Karaci ta 'yan ƙasa, mazaunin sanannen gunkin Dente, da Kete, zangon baƙi. Jamusawa sun riga sun kafa tasha a wurin tun 1894, shekarar da suka harbe babban bokan Dente, wanda ke da iko a kan hanyar ciniki. Wannan ya buɗe wa 'yan zango kasuwa, ya kuma nuna wa kowa irin hannun da sababbin masu mulkin ke da shi.

An yi takaddama kan limancin Kete, hukumar Jamus ta tsaya wa Umaru, ya zama liman. Daga nan alaƙarsa da Adam Mischlich ta ƙullu. Mischlich tsohon ɗan mishan ne da ya koma aikin gwamnati, ya zama shugaban tashar Kete-Karaci, kuma yana da kwaɗayin sanin Hausa. Umaru ya karantar da shi, ya kuma rubuta masa ɗaruruwan shafuka da ajami: tarihin Kabi da na sauran ƙasashen Hausa, jihadin Shehu Usmanu, noma, rini, saƙa, ƙira, aure, fatauci, da yadda bauta take. Ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci da Mischlich ya fitar a 1906, da maƙalolinsa kan al'adun Hausawa, sun ɗauki kaso mai yawa daga bakin wannan malami da alƙalaminsa, ko da yake sunan da ke bangon littafin na Bature ne. Masu nazari sun daɗe suna lissafa waɗannan shafuka a cikin zube mafi daɗewa kuma mafi yawa da wani Bahaushe ɗaya ya rubuta da harshensa, shekaru kusan 30 kafin gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja.

Waƙoƙin zuwan Nasara

Mutumin da ke shiga ofishin Bajamushe da rana, shi ne kuma ya rubuta waƙoƙi uku kan abin da Turawa suka yi wa ƙasar baƙar fata. Biyu da Larabci ne: Mashra'u Ma'il Khabar, wajen 1899, da Nazmul La'ali, wajen 1900. Ta ukun da Hausa ce, wadda aka sani da Waƙar Nasara, ta 1903, shekarar da Kano, garin haihuwarsa, ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato ta bi ta a Maris, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli.

Hoton da ya zana a waƙoƙin farko bai bar wurin shakka ba. Turawa sun shigo da lallami da daɗin baki, suna cewa ciniki ya kawo su da gyaran hanya da raba rigima, mutane suka tarbe su da abinci. Da suka samu wurin zama sai suka kafa tuta, suka sauya magana, suka fara ba da umarni. Sarki ya koma ɗan aike, mai daraja ya wulaƙanta, wanda ya ɗaga kai ya gamu da bindiga. Wani abin da ya bambanta Umaru da sauran malaman zamaninsa shi ne faɗin idonsa. Yawancin waɗanda suka yi kukan zuwan Nasara garinsu kaɗai suka yi wa. Shi kuwa, a Nazmul La'ali, jera sunayen garuruwa da ƙasashe ya yi, ɗaya bayan ɗaya, har mai sauraro ya gane cewa abin da ya sami garinsa ya sami ko'ina. Falke ne kawai, wanda ya taka hanyoyin da ƙafarsa ya kuma sha labari a masaukin baƙi, zai iya ganin mamayar Ingila da Faransa da Jamus a matsayin abu guda.

A makarantun ƙasashen da ke amfani da Faransanci, idan aka zo darasin mawaƙan da suka ƙalubalanci danniyar Turawa, sunayen da ɗalibi ke haddacewa su ne Senghor da Césaire, wani lokaci a haɗa da baƙaƙen Amurka irin su Langston Hughes. Sun cancanta. Amma yunƙurin su Senghor na shekarun 1930 ne, a birnin Paris, da harshen mai mulkin. Umaru ya riga su da shekara 30, yana zaune cikin ƙasar da aka ci, da haruffan da Bature mai mulki ba kowanne ke iya karantawa ba.

Duk da haka kuskure ne a mai da shi abin da bai zama ba. Bai kafa ƙungiya ba, bai kira jihadi ko hijira ba, bai kuma bar limancin da Jamusawa suka tabbatar masa ba. A waƙar Hausa ta 1903 muryarsa ta yi sanyi idan aka gwada da na baya: ya ci gaba da lissafa sarakunan da aka karya, amma ya yarda cewa hanyoyi sun yi lafiya, fashi da yaƙe-yaƙen da suka addabi fatake sun ragu, shi kansa kuma ba a ci zarafinsa ba. Wasu na karanta wannan a matsayin sallamawa. Wasu na ganin taƙiyya ce, irin ta malamin da ke da jama'a a wuyansa. Akwai kuma bayani mafi sauƙi: mutumin da ya ga Salaga ta watse a hannun 'yan ƙasa kafin Bature ya ƙarasa ta, ba zai yi ƙaryar cewa zamanin da ya wuce aljanna ne ba. Shugaban baƙi a ƙasar da ba tasu ba, tsakanin sarkin gari da hukuma, kullum a kan wannan siraɗi yake tafiya, kuma sarakunan zango na yau ba sa bukatar a yi musu bayaninsa.

Talaka da annoba

Waƙarsa da ta fi shiga jama'a ba ta Turawa ba ce. Waƙar Talauci da Wadata, da Hausa, tana kwatanta yadda ake ɗaukar wanda ba shi da shi da wanda ke da shi. Talaka ko gaskiya ya faɗa ba a saurare shi, danginsa na gudunsa, a taro ba a ba shi wurin zama, laifin da bai yi ba ma a kansa yake faɗawa. Mai kuɗi kuwa aibinsa ado ne, kowa ɗan'uwansa ne. Akwai ba'a a cikinta, akwai kuma ɗaci. Ba ta kira a ƙwace dukiyar kowa ba, har ma tana zuga mutum ya tashi ya nema, kamar yadda ake tsammani daga ɗan falke. Amma ta fito da wata gaskiya da wa'azin zamanin bai cika tsayawa a kanta ba, cewa a kasuwar zango kuɗi ya fara rinjayar asali da ilimi wajen auna mutum.

Ya kuma rubuta waƙa da Larabci mai taken Hausa, Tunkuyau, kan annobar murar 1918 da ta kashe miliyoyin mutane a duniya, inda ya bi alamomin cutar daki-daki kamar mai duba marar lafiya. Ya fassara waƙar Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawan jahiliyya, zuwa Hausa, aikin da Baturen Ingila R. S. Rattray ya buga a 1934. Ban da waɗannan akwai yabo, marsiyya, godiya ga waɗanda suka taimaka wa masallaci, da zambo ga waɗanda suka taɓa shi, domin ba malami ne mai haɗiye fushi ba.

Iyaka ta sauya a kansa

A 1913 ya tafi aikin hajji, kuma a Madina ya haɗu da Alfa Hashim, jigon ɗariƙar Tijjaniyya daga zuriyar su Alhaji Umaru Futi. Shekara guda bayan tafiyarsa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kuma Togo ce ƙasar Jamus ta farko da ta faɗi: a ƙarshen watan Agustan 1914 Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina, kusa da Atakpame. Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Sokode da Mango da Dapaong suka faɗa rabon Faransa, Kete-Karaci da Yendi suka koma hannun Ingila. Umaru bai ƙaura ba, amma sauran shekarunsa 20 ya yi su ne a ƙarƙashin wata tutar. Ya ci gaba da limanci da karantarwa, almajiransa suka bazu a zangunan Gwalkwas, wasunsu suka zama limamai da manyan malamai a garuruwansu.

Bayan rasuwarsa, ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ta haɗa Togon Ingila da Gwalkwas, wadda ta zama Ghana a 1957. Wannan rabo ya shafi sunansa. A Ghana ana lissafa shi cikin manyan malaman Musuluncin ƙasar. A Najeriya an fi saninsa a sassan nazarin Hausa na jami'o'i. A Togo kuwa, inda ya yi shekarun da ya fi rubutu a cikinsu, da wuya a ji an ambace shi, domin littafin tarihin makaranta daga iyakar yau yake farawa.

A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana ɗaukar kwafin rubuce-rubucen Larabci da ajami, aikin da masana irin su Ivor Wilks da Thomas Hodgkin suka tsaya a kansa, kuma waƙoƙin Umaru na cikin waɗanda aka fi samu a hannun mutane. A 1973 Douglas Ferguson ya fassara bayanan da ya rubuta wa Mischlich zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na uku a Amurka. Masanin Hausa ɗan ƙasar Poland, Stanisław Piłaszewicz, ya buga Waƙar Talauci da Wadata da Waƙar Nasara a shekarun 1970, sannan ya fitar da zubensa na ajami a littafi a shekarar 2000.

Tsohon garin Kete, da kasuwarsa da unguwannin da ya yi karantarwa a cikinsu, yana ƙarƙashin ruwa tun tsakiyar shekarun 1960, lokacin da madatsar Akosombo ta cika tafkin Volta aka kwashe mutanen zuwa sabon gari a kan tudu.