Sarauniyar Lugu: Mace Guda, Hoto Biyu

Dallol Mauri, kwarin da ke gangarowa daga Arewa ya zube a kogin Kwara kusa da Gaya, yana riƙe da wani labari da ya dace malamai su sake dubawa. A arewacin Dogon Dutsi, cikin jihar Doso, akwai garin Lugu. A nan ne cikin watan Afirilu na 1899 mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Faransa da Voulet da Chanoine ke jagoranta. Bindiga ta rinjayi baka, aka ƙone garin, jama'a suka fake cikin daji.

Alƙalamin da ya fara zana ta na abokan gaba ne. Joalland, hafsan da ke cikin rundunar, ya wallafa tarihin tafiyar a 1930, inda ya nuna ta a matsayin tsohuwar mayya, ya wuce. Ga soja mai neman wanke kansa, macen da ta ƙi miƙa wuya sai dai ta zama mai tsafi.

A 1980 Abdoulaye Mamani ya rama mata. Littafinsa na Faransanci ya mai da ita budurwa kyakkyawa, gwanar harbi, mai shiga gaban mayaƙa. Med Hondo ɗan Muritaniya ya ɗauki labarin ya yi fim a 1986, a ƙasar Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Wannan hoto ya fid da ƙasa kunya, har gidan rediyo ya ɗauki sunanta.

Sai dai ko wane gauta ja ne, sai in bai sha rana ba: hoto na biyun ma ya rage wani abu. A Lugu, Sarauniya muƙami ne da mata suka riƙe ɗaya bayan ɗaya, kafin Mangu da bayanta. Aikin mai muƙamin shi ne kula da al'adun Azna, roƙon ruwa da albarkar damina, da tsare zaman lafiyar jama'a, galibi daga cikin ɗakinta. Irin wannan iko na natsuwa bai ƙayatar da hafsa ba, bai kuma cika idon mai fim ba.

Haka ake gani a yawancin fina-finan Kano da ake kallo a gidajen Gaya: mace ko dai muguwar kishiya mai bin bokaye, ko baiwar Allah mai kuka. ƴar kasuwa da ungozoma da malamar makaranta ba safai suke samun gurbi ba.

Malamin da zai karantar da littafin Mamani ya kyautu ya ajiye tarihin bakan Lugu kusa da shi, domin ɗalibai su tambayi kowane hoto: wa ya zana shi, me kuma ya bari a baya?