Ɗakin Ibadar Kwekawa na Flushing: Tarihinsa da Tsarin Gininsa

A unguwar Flushing, cikin birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, akwai wani tsohon gini na katako wanda mai wucewa zai iya ɗauka gidan manomi ne. Ba shi da hasumiya, ba ƙararrawa, ba ko alamar gicciye. Amma a duk faɗin birnin babu ɗakin ibadar da ya girme shi, domin tun shekarar 1694 aka kafa shi.

Masu shi su ne Kwekawa, wata ɗarika ta Kirista wadda George Fox ya assasa a Ingila wajen 1650. Su da kansu "Abokai" suke kiran juna. Sunan Kweka, wato mai karkarwa, laƙabi ne na ba'a da ya bi su. Ba su da limami, ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami, kuma ba sa cire hula a gaban mai mulki, abin da Turawan wancan zamani suke ɗauka babban raini.

Lokacin da Kwekawa na farko suka sauka a yankin, a 1657, ƙasar tana hannun mutanen Holan, gwamnanta kuwa shi ne Peter Stuyvesant, mutum mai tsanani. Ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya sauki Bakweke a gidansa zai biya tara mai nauyi. Mutanen Flushing suka ga abin ya saɓa wa takardar kafa garinsu ta 1645, wadda ta ba su ƴancin bin addini. Ran 27 ga Disamba 1657, magidanta 30 suka sa hannu a takardar koke wadda magatakardan gari, Edward Hart, ya rubuta. Suka shaida wa gwamna, cikin ladabi, cewa ba za su rufe ƙofa ga baƙo saboda addininsa ba, har suka ambaci Yahudawa da Turkawa, sunan da Turawa ke kiran Musulmi da shi a lokacin. Abin lura, mai karatu, shi ne masu sa hannun nan ba Kwekawa ba ne. Maƙwabta ne kawai.

Gwamna bai ji daɗi ba. Ya kama Hart da Tobias Feake, jami'in tsaron garin da ya kai takardar, da alƙalai biyu. Aka tilasta musu neman gafara, aka tuɓe Feake. Da maganar ta tsaya nan, da an ce koken ya faɗi.

Sai ga wani manomi, John Bowne, wanda matarsa Hannah ta riga shi shiga ɗarikar. Ya buɗe gidansa ana taron ibada. A 1662 aka kama shi, aka ci shi tara, ya ƙi biya. Bayan ya sha ɗauri, gwamna ya kore shi daga ƙasar a jirgin ruwa. Bowne ya isa Amsterdam, ya kai ƙara gaban shugabannin kamfanin da ke mallakar yankin, wato iyayen gidan gwamnan. A 1663 suka rubuto wa Stuyvesant cewa ya ƙyale mutane da abin da suka yi imani da shi muddin ba su ta da fitina ba. Gaskiya lissafin kasuwa ya taimaka, don kamfani yana son ƙasar ta cika da jama'a. Shekara guda bayan haka Ingilishi suka karɓe mulki.

Shekara 30 aka ƙara ana taruwa a gidaje kafin a sami ɗaki. Bowne yana cikin waɗanda suka samo filin, kuma ya ga an fara ibada a ciki kafin rasuwarsa a 1695. Ginin farko ƙarami ne, shi ne sashen gabas na yanzu; tsakanin 1716 da 1719 aka faɗaɗa shi ta yamma har ya kai girman da ake gani.

An ɗora shi a kan manyan gumagumai da aka sassaƙa da hannu, aka lulluɓe bangonsa da ƙananan fallayen katako jere bisa jere, waɗanda ruwa da rana suka mayar ruwan toka. Rufinsa dogo ne, mai gangare ta fuska huɗu, irin na tsofaffin gidajen Holan. Ya juya wa babban titi baya, fuskarsa tana kudu, da ƙofa biyu: a da ɗaya ta maza ce, ɗaya ta mata. A ciki ba mumbari, ba bagadi, ba zane. Bencina ne kawai, wasu na fuskantar wasu, inda dattawa ke zama suna duban jama'a. Ana zaune shiru har wani, mace ko namiji, ya ji a ransa yana da abin faɗi, ya tashi ya faɗa. A tsakiyar ɗakin akwai shamaki na katako wanda a da ake ɗagawa lokacin ibada, a sauke lokacin shawara, domin a wancan zamani mata suna da majalisarsu ta kansu, wadda ke duba aure da taimakon mabukata.

Sau ɗaya ibada ta yanke. A yaƙin neman ƴancin Amurka, daga 1776 zuwa 1783, sojojin Ingila suka ƙwace ɗakin mutanen da suka haramta wa kansu yaƙi, suka mai da shi bariki da kurkuku da asibiti, suka ƙone bencinansa don jin ɗumi. Da suka tafi aka gyara, aka koma zama.

A 1967 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin manyan wuraren tarihi na ƙasa, kuma har yau ana taruwa a cikinsa kowace Lahadi. A harabarsa akwai maƙabarta. Kwekawan farko ba sa kafa dutse a kan kabari, don kada mai dukiya ya fi talaka ko a ƙasa, shi ya sa ake kyautata zaton John Bowne yana kwance a nan, amma babu alamar da ke nuna wurin.