Jirgin Heyford da Gwajin Daventry

A shekarun da suka shiga tsakanin Yaƙin Duniya na Farko da na Biyu, mahukuntan Ingila sun zauna bisa wata aƙida wadda tsoro ya haifa, cewa jirgin sama mai jefa bom annoba ce marar makari. Har ɗaya daga cikinsu, Stanley Baldwin, ya shaida wa majalisa a watan Nuwamba na 1932 cewa duk irin tsaron da aka yi sai jirgin ya ratsa, kuma babu wata garkuwa face a riga abokin gaba kai farmaki. Bisa wannan fahimta aka yi ta ƙera manyan jiragen dare, kuma na ƙarshensu a cikin masu fukafukai hawa biyu shi ne Heyford, wanda kamfanin Handley Page ya ƙera, ya fara tashi a 1930, ya shiga aiki a 1933 a sansanin Upper Heyford.

Siffarsa abar al'ajabi ce, domin maimakon a ɗora gangar jikin bisa fiffiken ƙasa kamar yadda aka saba, sai aka liƙa ta a na sama, tsakanin injuna biyu na Rolls-Royce Kestrel, ta yadda matuƙi ke zaune can bisa, kansa a waje, iska da sanyin dare suna dukansa. Akwai hikima a cikin haka: maharba sun sami sarari ta kowace fuska, har da wanda ake zurarawa ƙarƙashin jirgin cikin wani ɗan akurki da sojoji suka laƙaba wa suna kwandon shara, su kuwa bama-bamai an ajiye su a tsakiyar fiffiken ƙasa, kusa da hannun masu lodi. Mutum huɗu ke cikinsa, iyakar gudunsa mil 142 a sa'a, kuma an ƙera kimanin 125. Rauninsa ya bayyana a watan Disamba na 1936, yayin da guda bakwai suka taso daga Ayalan ta Arewa, hazo da ƙanƙara suka rutsa da su, ɗaya tak ya isa masaukinsa lafiya, mutum uku suka halaka.

Amma abin da ya wajaba a tuna shi da shi, a ganina, ya faru ne kafin wannan musiba. A farkon 1935 Ma'aikatar Jiragen Sama ta nemi fatawar wani masani, Robert Watson-Watt, ko zai yiwu a halaka matuƙi daga nesa da igiyar rediyo. Mataimakinsa Arnold Wilkins ya yi lissafi ya tarar abin ba mai yiwuwa ba ne, sai dai ya nuna wata hanya dabam, wato igiyar rediyo idan ta bugi jikin jirgi za ta dawo, kamar yadda murya ke dawowa daga dutse, duk wanda kuma ya iya kama amsa-kuwwar ya san akwai jirgi tun kafin ido ya gan shi. Hugh Dowding, wanda bincike ke ƙarƙashin ikonsa, bai gamsu da hujjar takarda ba, ya ce sai an gwada. Kuma ya yi daidai, domin dukiyar al'umma ba a zuba ta bisa zato.

Ranar 26 ga Fabrairu, 1935, aka ajiye wata mota ɗauke da na'ura a wani fili kusa da Weedon, 'yan mil kaɗan daga tashar BBC ta Daventry mai watsa shirye-shirye bisa gajeren zango, sannan aka umarci wani Heyford ya yi ta kai da komowa cikin igiyar tashar. Jirgin ya dace da aikin ƙwarai, saboda ƙashinsa na ƙarfe ne, faɗin fukafukansa kuma, ƙafa 75, ya yi kusa da rabin tsawon zangon igiyar, wanda shi ne gwargwadon da ya fi mayar da amsa. Watson-Watt da Wilkins da A. P. Rowe, wakilin ma'aikata, suka zura wa gilashin na'urar ido, suka ga alamar tana motsi duk sa'ad da jirgin ya gifta, ba ta daina ba sai da ya yi nisan kimanin mil 8.

Da wannan shaida aka saki kuɗi, aka koma Orford Ness da bincike, aka jera tashoshin wannan fasaha, wato rada, a gaɓar teku, waɗanda Dowding ɗin nan ya dogara da su a 1940 wajen tarye jiragen Jamus. Shi kuwa Heyford, tun a 1939 jiragen Wellington da ire-irensu masu fiffike hawa ɗaya suka gaje shi, aka mayar da shi aikin horar da ɗalibai, ba tare da ya taɓa jefa bom a kan wata ƙasa ba.