Ƙwari da cututtukan shu: a duba ganye kafin a yi feshi

Da sanyi ya shigo, garake daga Jiratawa zuwa Madawa, daga Mirya zuwa bakin kogi a Yamai, sai su cika da shu, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira kabeji. Ƴan uwanmu mazauna Turai kan ga wani irinsa mai launin ja da fari, da ake shukawa don ado a bakin titi. Zuriyarsu ɗaya da namu, kuma ƙwarinsu ɗaya ne. Matsalar da muka fi gani a garakenmu ita ce gaggawa: manomi ya ga ganye ya huje, sai ya ruga kasuwa ya sayo magani bai san abin da ke cin shukar ba. Kuɗi su tafi, ɓarna ta ci gaba.

Tsutsa mai huda ganye. Koriya ce, tsawonta kamar santimita 1, tana zaune a bayan ganye. Tana kankare shi ta bar wata fata siririya da haske ke ratsawa. In ka taɓa ta sai ta yi birgima, ta faɗo tana reto da zare. Ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka ke saka ƙwanta, kuma in zafi ya fara, cikin mako 2 zuwa 3 sabuwar zuriya ta fito. Ta saba da magungunan feshi da yawa, shi ya sa ƙara ƙarfin magani ba ya kashe ta.

Tsutsa mai cin zuciya. Kanta baƙi ne, jikinta da zane-zane. Tana shiga tsakiyar ƙaramar shuka, ta bar saƙa da kashinta a wurin. Shun da ta ci wa zuciya ba ya yin kai ɗaya babba, sai ƙananan kawuna da ba mai saye. Tun a wurin renon iri take farawa, don haka a can ake tare ta: a rufe irin da tsohon gidan sauro marar huji har ranar dashe.

Darɓa. Ƙananan ƙwari ne da ke taruwa a bayan ganye suna tsotse ruwansa. Ganye ya nannaɗe, ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka.

Baƙin ruɓa. Wannan kam ba ƙwaro ba ne, cuta ce. Ganye na yin rawaya daga gefe, rawayar ta tsuke tana shiga ciki kamar bakin mashi, jijiyoyi su yi baƙi. Tana zuwa cikin iri, tana yaɗuwa da fantsamar ruwa. Maganin ƙwari ba ya yi mata komai. A tumɓuke wadda ta kamu, a fitar da ita daga garka a ƙone. A riƙa ban ruwa ta gindi, kuma kada a sake sa shu a fangalin nan sai bayan shekara 3.

Abin da za mu yi. Mu zaga garka sau 2 a mako, mu juya ganye mu duba. In tsutsa kaɗan ce, hannu ya isa. In ta yi yawa, ga bedi a ƙofar gida: a daka busassun ƴaƴansa rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece har bayan ganye. A maimaita kowane mako. Yana hana tsutsa ci, yana rage darɓa.

In dole sai an sayi magani, a tambayi malamin gona na karkara. A nemi wanda kwamitin CSP na ƙasashen Sahel ya amince da shi, mai takarda a jikin kwalba. Maganin kaɗa ba na ganyen ci ba ne, kuma na awo da ake zubawa cikin gora ba a san abin da ke ciki ba. A rufe hanci da hannuwa, a kuma jira kwanakin da takarda ta faɗa kafin yanka.

Jama'a, shun nan ƴaƴanmu ne ke cinsa, wani lokaci ɗanye cikin kwaɗo. Ku da ke waje kuna aiko da kuɗin magani, ku tambayi na gida abin da suka gani a bayan ganye tukuna.