Waɗanda Suka Fito Daga Jonestown

A ranar 18 ga Nuwamba, 1978, mutum 918 suka rasa rayukansu a ƙasar Gayana ta Kudancin Amurka, kusan dukansu mabiyan wani mai wa'azi ne da ake kira Jim Jones. Cikinsu akwai yara fiye da 300. Duniya ta daɗe tana maimaita labarin matattun. Ni kuwa so nake in ba ka labarin rayayyu, wato waɗanda suka fita daga wannan ƙungiya kafin ranar ko a cikinta, da irin nauyin da suka yi ta ɗauka shekara da shekaru. Gama mai yiwuwa ne wata rana wani irinsu ya shigo majami'arku ya zauna a bencin baya, ya kamata kuwa ka san abin da ya ɗauko.

Jim Jones mutumin jihar Indiyana ne a Amurka, an haife shi a 1931. A tsakiyar shekarun 1950 ya kafa ikilisiya a birnin Indianapolis, ya sa mata suna Peoples Temple, wato Haikalin Jama'a. A zamanin nan baƙar fata da farar fata ba su cika yin sujada a ɗaki ɗaya ba, amma shi ya haɗa su a benci guda. Ikilisiyarsa ta ciyar da mayunwata, ta kula da tsofaffi, ta taimaki masu shaye-shaye. Ɗariƙar Disciples of Christ, wadda sananniya ce a ƙasar, ta karɓi ikilisiyar, ta kuma naɗa shi fasto a 1964. A 1965 ya kwashi jama'arsa zuwa jihar Kalifoniya, daga baya ya buɗe manyan majami'u a San Francisco da Los Angeles. Har magajin garin San Francisco ya ba shi kujera a hukumar gidaje ta birnin a 1976. Ka lura da wannan da kyau: waɗanda suka bi shi masu neman adalci ne da zumunci, yawancinsu baƙar fata da suka sha wulaƙanci, da yawansu kuma tsofaffin mata da suka yi girma cikin ikilisiya. Abin kirki suka gani suka shiga.

Sannu a hankali abubuwa suka sauya. Jones ya sa a riƙa kiransa Uba. Ya fara nuna wa jama'a warkarwa ta ƙarya, inda mataimakansa ke ɓoye kayan cikin kaza a nuna su a ce ciwon daji ne ya fita daga jikin mara lafiya. Ya riƙa jefa Littafi Mai Tsarki ƙasa a gaban taro, yana cewa cike yake da kurakurai, har ya kai ga ɗaukar kansa a matsayin Allah. Mabiya suka miƙa gidajensu da albashinsu da kuɗin fanshonsu. Aka raba ma'aurata, aka ba da 'ya'yan wasu ga wasu su riƙe. Aka sa mutane su sa hannu a kan takardun da ke cewa sun aikata munanan laifuffukan da ba su aikata ba, aka adana takardun domin ranar da wani zai yi tunanin fita. Ba a rana ɗaya aka yi wannan duka ba. Kowane mataki ɗan ƙarami ne a kan wanda ya gabace shi, shi ya sa mutum bai ga inda ya kamata ya tsaya ya ce a'a ba.

Cikin waɗanda suka fara fita akwai wasu ma'aurata, Elmer da Deanna Mertle, waɗanda suka yi shekara 6 a ciki. An yi wa 'yarsu bulala 75 da katako a gaban taron ikilisiya, su kuma suna zaune suna kallo, ba su iya cewa uffan ba. Sun fita a 1975. Saboda takardun da suka sa wa hannu da tsoron abin da za a yi da sunayensu, sai suka sauya suna, suka zama Al da Jeannie Mills. Suka buɗe wani gida a garin Berkeley domin karɓar masu fitowa daga irin waɗannan ƙungiyoyi, suka haɗa kai da iyaye da dangin waɗanda ke ciki don kai kuka ga hukuma. A watan Agusta na 1977 mujallar New West ta buga shaidar tsofaffin mabiya, har da tasu. Jin labarin zai fito ne ya sa Jones ya tsere zuwa gonar da ƙungiyar ta yi haya a dajin Gayana, wadda aka sa wa suna Jonestown, mabiya kusan 1,000 suka taru a can. A watan Fabrairu na 1980 aka harbe Al da Jeannie da 'yarsu a gidansu, ba a kuwa hukunta kowa a kan kisan ba. Ko da yake ba a tabbatar da hannun ƙungiyar a ciki ba, labarin ya ƙara wa sauran waɗanda suka fito fargaba.

Deborah Layton ta shiga tun tana budurwa, ta kai matsayin mai kula da kuɗin ƙungiyar. Ta isa Jonestown a ƙarshen 1977 tare da mahaifiyarta, ta tarar da abin da ba shi aka yi musu alkawari ba: aikin gona tun safe har magariba, abinci kusan shinkafa kaɗai, masu gadi da bindigogi, ga muryar Jones a lasifika dare da rana. A watan Mayu na 1978, da aka aike ta Georgetown babban birnin ƙasar, ta nemi taimakon ofishin jakadancin Amurka ta gudu. Wata guda bayan haka ta rubuta shaida bisa rantsuwa, ta bayyana yadda ake ta da mutane da dare a ba su abin sha a ce guba ne, don a gwada ko za su yarda su mutu. Ta yi gargaɗi a fili cewa za a iya hallaka jama'ar duka. Kaɗan ne suka gaskata ta. Mahaifiyarta da ta bari a can ta rasu da ciwon daji makonni kaɗan kafin ranar ƙarshe. Ɗan'uwanta Larry yana cikin waɗanda suka yi harbi a filin jirgi, ya kuma yi shekaru a kurkuku kafin a sake shi a 2002. Ita kanta ta yi shekaru tana ɓoye tarihinta ga abokan aikinta, sai a 1998 ta buga littafinta, Seductive Poison.

Kukan dangi ne ya sa wani ɗan majalisar wakilai, Leo Ryan, ya tafi ya gani da idonsa. Ya isa Jonestown ranar 17 ga Nuwamba tare da 'yan jarida. A daren nan wani matashi mai suna Vernon Gosney ya miƙa wa ɗan jarida takarda a ɓoye yana roƙon a fitar da shi. Kashegari ya bi baƙin, amma ya bar ƙaramin ɗansa a can, yana zaton yaron ba ya cikin hatsari. A filin jirgin Port Kaituma 'yan bindigar ƙungiyar suka buɗe wuta, suka kashe Ryan da 'yan jarida 3 da wata mata cikin masu fita. Gosney ya ji raunin harsashi ya tsira, ɗansa kuwa ya mutu da yammacin ranar. Ya rayu fiye da shekara 40 bayan haka, ya yi aikin ɗan sanda a Hawaii, bai kuwa ɓoye ba cewa shawarar da ya yanke a ranar nan ta bi shi duk tsawon ransa.

Da safiyar wannan rana wata matashiya, Leslie Wagner-Wilson, ta goya ɗanta mai shekara 3, ta bi wasu 'yan kaɗan da suka ce za su fita shan iska, suka yi tafiyar kimanin mil 30 a ƙasa cikin daji. Ta tsira da ɗanta, ta rasa mahaifiyarta da 'yar'uwarta da ɗan'uwanta da mijinta. Wata tsohuwa kuma, Hyacinth Thrash, wadda ta haura shekara 70, ta ɓuya a ƙarƙashin gado barci ya kwashe ta. Da ta farka da safe ta tarar da gari shiru, 'yar'uwarta da suka zo tare tana cikin matattu. A wurin taron kansa akwai wata mata, Christine Miller, da ta miƙe ta yi gardama da Jones tana cewa a bar yara su rayu, muryarta tana nan a faifan da aka naɗa a ranar. Jama'a suka yi mata ihu har ta yi shiru. Yara aka fara ɗura wa gubar, masu gadi kuma suna kewaye da wurin, don haka kada ka yarda da mai cewa dukansu da son ransu suka mutu.

To, me ya sami waɗanda suka dawo gida? Na farko, talauci. Sun riga sun ba da gidaje da dukiya da ƙuruciyarsu, suka dawo hannu wofi. Na biyu, kaɗaici, gama abokansu da danginsu duka a cikin ƙungiyar suke, ƙungiyar kuwa ta zama kabari. Na uku, kunya. Jaridu sun kira su mahaukata, masu ɗaukar ma'aikata suka guje su, har Amurkawa suka mai da shan gubar nan abin ba'a da ake yi wa duk mai bin wani a makance. Maƙabartu da dama sun ƙi karɓar gawarwakin, sai maƙabartar Evergreen ta birnin Oakland ta yarda aka binne fiye da 400 a can, da yawansu yara. Na huɗu, zargin kai. Uwa tana tambayar kanta dalilin da ya sa ta kai 'ya'yanta, wanda ya gudu yana tambayar kansa dalilin da ya sa shi ya rayu. Michael Prokes, wanda ya kasance kakakin ƙungiyar, ya kira 'yan jarida a watan Maris na 1979, ya karanta musu jawabi, sannan ya kashe kansa. Leslie ta yi shekaru tana fama da ƙwaya kafin ta farfaɗo ta rubuta labarinta a 2009. Laura Johnston Kohl, wadda ta tsira domin tana Georgetown a ranar, ta sake shiga wata ƙungiya mai tsananin iko da ake kira Synanon ta yi kimanin shekara 10, domin ba ta san yadda ake rayuwa ba tare da jama'a irin wannan ba. Daga baya ta zama malamar makaranta.

Akwai rauni na biyar, shi ne ya fi shafarmu. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutumin da aka cuce shi da sunan Uba, da waƙoƙin yabo, da baiko, da ɗora hannu, yakan ji jikinsa na rawa idan ya sake jin waɗannan abubuwa, ko da a ikilisiyar gaskiya ce. Wasu cikin waɗanda suka fito ba su ƙara taka ƙofar majami'a ba. Wasu, irin su Hyacinth Thrash, sun riƙe bangaskiyarsu ga Allah har mutuwa, sun bambanta shi da mutumin da ya saci sunansa. Wani abin da ke ba mutanen waje mamaki shi ne, da yawansu suna kewar zumuncin da suka sani a ciki, domin ƙaunar da ke tsakanin mabiyan ta gaske ce ko da shugaban maƙaryaci ne. Wanda bai fahimci wannan ba ba zai iya ta'azantar da su ba. A 2011 wasu cikin waɗanda suka tsira suka kafa allunan dutse a Evergreen ɗauke da sunaye 918, har da na Jones, abin da ya jawo saɓani mai zafi tsakanin masu makoki. Bayan shekara 33 ke nan, miki bai gama warkewa ba.

Kada ka ce wannan labarin Amurka ne kawai. A watan Maris na 2000 ɗaruruwan mabiyan wata ƙungiya suka ƙone a Kanungu ta ƙasar Uganda. A 2023 aka fara tono gawarwaki a dajin Shakahola na Kenya, suka haura 400, na mutanen da aka koya musu su ƙi abinci don su sadu da Yesu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ubangijinmu ya riga ya faɗa a Matiyu sura 24 cewa annabawan ƙarya za su zo da alamu masu ruɗi. Littafin Ayyukan Manzanni sura 17 ya yabi mutanen Biriya domin sun auna wa'azin Bulus kansa da Nassi kowace rana. Idan manzo bai fi ƙarfin a bincika maganarsa ba, babu faston da ya fi ƙarfin haka, har da mai rubuta maka wannan. Ka yi hattara da shugaban da ba ya ƙarƙashin dattawa ko majalisa, wanda ba a ganin lissafin kuɗinsa, wanda ke raba ka da iyayenka, wanda ke cewa duk mai barinsa ya bar Allah.

Game da wanda ya fito kuwa, ka karanta Ezekiyel sura 34. A can Ubangiji ya ɗora laifi a kan makiyayan da suka cinye garke, ya kuma yi alkawari shi da kansa zai nemo tumakin da suka warwatse ya ɗaure raunin waɗanda suka karye. Haka ya kamata ikilisiya ta yi. Kada ka tambaye shi yadda mai hankali kamarsa ya faɗa wannan rami, gama ya riga ya yi wa kansa tambayar sau dubu. Kada ka tura shi gaban taro ya ba da shaida tun bai shirya ba, kada kuma ka hanzarta ɗora masa aiki. Ka bar shi ya yi tambaya, ya ƙi yarda, ya tafi ya dawo, domin 'yancin cewa a'a shi ne abin da aka ƙwace masa. Ka taimake shi da abinci da wurin kwana da sana'a, ka haɗa shi da likita idan barci ya ƙaurace masa. Idan kuma kana da ɗan'uwa da ke ciki har yanzu, kada ka yanke zumunci da shi, gama mai son fita yakan fara duba ko akwai gidan da zai karɓe shi.

Ya Ubangiji Yesu, Makiyayi nagari, ka tuna da waɗanda aka raunata da sunanka. Ka tsare mu masu kiwon garkenka daga son a ɗaukaka mu, ka ba ikilisiyarka haƙurin zama da masu rauni har su warke. Amin.