Kalmar Ingilishi "sense" da fi'ilin "ji" a bakin Hausawan Adjamé da Treichville

Kalmar "sense" ta Ingilishi ta samo asali daga fi'ilin Latin "sentire", wanda kuma ya haifi "sens" da "sentir" na Faransanci. Babbar ma'anarta ita ce hanyar da jiki yake karɓar abin da ya same shi daga waje, kamar haske da sauti da ƙamshi da ɗanɗano da zafi. Turawa sun gaji lissafin waɗannan hanyoyi a matsayin guda biyar tun daga Aristotle, kowace da gaɓarta: ido, kunne, hanci, harshe da fata. Kalmar tana kuma nufin hankali da kuma ma'anar magana, wurare biyu da Hausa ta riga ta aro musu kalmomin Larabci, don haka fassara ba ta yin tuntuɓe a kansu.

Wahalar tana ga ma'anar farko. Hausa ba ta raba hanyoyin nan gida biyar ba. Fi'ili biyu ne suka ɗauke su, "gani" da "ji". Ido shi kaɗai yake da nasa, sauran duka "ji" ne ya tattara su. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna wannan faɗin ma'ana, kuma masani Ian Ritchie ya yi nazari a kansa a 1991. Abin da ke fayyace nufin mai magana shi ne sunan da ya biyo bayan fi'ilin. Ana jin kira, ana jin ƙamshi ko wari, ana jin gishiri a miya, ana jin sanyi, har yunwa da tsoro da kunya duk jinsu ake yi. Inda mutum ya yi abin da gangan kuwa, harshen yana da fi'ilai na musamman: saurara, sansana, ɗanɗana, shafa. Wannan ya dace da rabon da masanin harshe ɗan Suwidin Åke Viberg ya yi tsakanin aikin da mutum ya nufa da abin da ya auka masa kawai.

Unguwannin Adjamé da Treichville na Abijan wuri ne mai kyau na lura da wannan tsari, domin a nan Hausa tana gogayya kullum da Faransanci da harshen Jula. Adjamé ita ce matattarar manyan kasuwanni da tashar motoci, Treichville kuma tana dab da tashar jiragen ruwa. Hausawa, galibinsu daga Nijar, sun yi suna a nan da fataucin albasa da gasa nama da sayar da garba, wato acake na rogo da soyayyen kifin tuna, abincin da ake danganta sunansa da sunan Bahaushe Garba. A rumfar garba, mai sayarwa yana jin ƙaurin mai, yana jin zafin kasko, yana jin cinikin mai saye, yana jin yajin barkono, duk da fi'ili guda. Idan ya juya zuwa Faransanci dole ya rarraba: "sentir" ga ƙauri da zafi, "entendre" ga sauti, "comprendre" ga fahimta. Jula ta fi kusa da Hausa a nan, domin fi'ilinta "mɛn" yana nufin jin sauti da kuma iya harshe, daidai da yadda Bahaushe yake tambaya, "Kana jin Jula?"

Wannan ma'ana ta fahimta ita ce ta fi cancantar kulawa. Mai Ingilishi yakan ce ya gani idan ya fahimta. Bahaushe ya fi cewa ya ji, ko ya gane. Daga fahimta sai "ji" ya wuce zuwa biyayya, shi ya sa ake cewa yaro ba ya ji, ko da kunnensa lafiya lau yake. Amma a wajen tabbatar da gaskiya ido ne a gaba, kamar yadda karin maganar "gani ya kori ji" ta nuna, inda "ji" yake nufin labarin da aka ba mutum.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki "ji" a matsayin cikakkiyar fassarar "sense". Wanda ya rubuta "gaɓoɓin ji guda biyar" ya saka ido cikin rukunin da harshen da kansa ya ware shi daga ciki, kuma ɗalibi zai fara tunanin kunne. Cewa "hanyoyin ji da gani" ya fi kusa da yadda Hausa take tafiya, kuma ya haɗa da yunwa da ƙishirwa da jiri, waɗanda lissafin biyar ya bari a waje duk da cewa ilimin jiki na zamani yana ƙirga su cikin saƙonnin da jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ga yaran Hausawan Abijan, waɗanda suke karanta "les cinq sens", wato hanyoyin nan biyar, a makarantar boko sannan su koma gida su ji Hausa, bayanin malami yana bukatar ya fara da nuna musu cewa kalmar da suke amfani da ita a gida ta ɗauki huɗu daga cikin biyar ɗin.