Oksijin na iska ko na ruwa? Yadda bakteriyar ƙasa ta warware wata tsohuwar gardama

Idan ana maganar bakteriyar da ke cin sinadaran man fetur, abin da aka fi tunawa shi ne hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na shekarar 1980, wanda ya halatta wa Ananda Chakrabarty rajistar mallakar wata bakteriya da ya sarrafa. A ganina wannan babi ne na tarihin shari'a. Abin da ya sauya ilimin kansa ya auku shekara 25 kafin nan.

Sinadarai irin su benzin, tuluwin da fenol duk suna da zobe na ƙwayoyin kabon shida, mai wuyar fasawa. Amma an daɗe da sanin cewa wasu bakteriyar ƙasa na rayuwa da su. Ta yaya suke buɗe zoben? Koyarwar da ta yi rinjaye a lokacin ita ce ta Heinrich Wieland, Bajamushe mai lambar Nobel: abu mai rai yana ƙona abincinsa ne ta hanyar cire haidirojin, kuma duk oksijin da ya shiga cikin sinadarin daga ruwa ya fito. Aikin oksijin na iska, a wannan ra'ayi, karɓar haidirojin ne kawai.

Osamu Hayaishi ya kammala karatun likita a Osaka a 1942, ya yi aiki da rundunar sojan ruwa, ya dawo ya tarar da birnin ya zama kufai. Babu kayan aiki, babu dabbobin gwaji. Sai ya ɗebo ƙasa, ya haɗa ta da ɗan tiriftofan da ya samu, ya tace bakteriyar da ta iya tsirowa a kansa, 'yar jinsin Pseudomonas. Rashi ne ya kai shi gare ta, ba zaɓi ba. A 1950, shi da Hashimoto suka bayyana inzayim ɗin da ke fasa zoben katikol ya mayar da shi asid ɗin mukonik, suka sa masa suna pyrocatechase.

Gwajin da ya raba gardama an yi shi a 1955, a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda, tare da Katagiri da Rothberg. Dabarar ba ta da sarƙaƙiya. Suka yi amfani da oksijin mai nauyin 18, wanda na'urar awo ke iya bambancewa da na kullum. Da suka sa shi cikin ruwa, bai bayyana a asid ɗin ba. Da suka sa shi cikin iska, sai ga ƙwayoyinsa biyu a ciki. A shekarar ce kuma Howard Mason, a jihar Oregon, ya sami makamancin sakamako da wani inzayim daban, ba tare da haɗin gwiwa ba. Daga nan aka san akwai rukunin inzayim guda da ke cusa oksijin na iska kai tsaye, wato oksijines, kuma ba da jimawa ba aka gano danginsu a jikin ɗan Adam.

Batun ƙwayoyin gado ya biyo baya. A 1974 Williams da Murray, a Bango ta ƙasar Wales, suka nuna cewa umarnin narkar da tuluwet a wata Pseudomonas yana kan filasmid, ɗan zoben DNA mai iya ƙaura daga wannan bakteriya zuwa waccan. Irin waɗannan filasmid ne Chakrabarty ya tara cikin bakteriya guda, wadda ba a taɓa zuba ta kan malalar mai a teku ba. Ɗaya daga ƙwayoyin gadon filasmid ɗin na Bango kuwa, xylE, ya sami aikin da ba a yi zato ba: inzayim ɗinsa na mayar da katikol ruwan ɗorawa cikin ɗan lokaci, don haka tun farkon shekarun 1980 masu bincike ke liƙa shi jikin wasu ƙwayoyin gado, su fesa katikol, su ga wadda ke aiki.